Lado Ya Yi Wa Inji Ajiyar Goro

"Ni Lado, in aka ba ni ƙanƙara ranar ƙaramar salla, sai in ajiye ta har babbar salla, ko ɗigo ba za ta yi ba. Daga Garwa har Duwala, a nemo mini wanda ya kai ni sanin ajiya!"

Da wannan kirari Lado mai goro yake buɗe kasuwa kullum safiya a bakin titin Briqueterie, tun bai kwance huhu ba. Kai da ba ka san shi ba, bari in nuna maka shi. Gajere ne mai tumbi, haƙora ja wur, hularsa kullum a karkace kamar tana neman hanyar gudu. Daga Bichi ya sauka Yawunde, a zamanin da hoton shugaban ƙasa Ahidjo ke rataye a shagon kowane tela. Kuma kada in ci haƙƙinsa, goro kam ya iya. Daushen da ya kwana biyu a hannun wani ya yamutse, a hannun Lado sai ka gan shi ɓul-ɓul. Ciwon kawai, Lado ya ɗauka duk abin da ke cikin duniyar nan goro ne.

To, akwai Alhaji Maliki, attajirin unguwa, wanda tun kakansa suke Brik, wato Briqueterie ɗin. Ya ƙudura gina gidan niƙa a unguwar Tsinga, na masara da rogo da gyaɗa. Ya yi odar injin lantarki guda uku, irin waɗanda ke juya dutsen niƙa, mutanen wurin suna ce musu moteur. Jirgin ƙasa ya kawo su daga Duwala tun ginin bai ga kwano ba, wuta ma ba a ja ba, ga damina ta kankama. Tare da su aka zo da Hamadu mai aikin wuta, Bafulatanin Garwa, mai baki kamar rediyo, wanda ba ya gama jimla sai ya yayyafa mata Faransanci.

Bayan la'asar Alhaji ya dubi majalisarsa ya ce, "Jama'a, ina neman inda kayan nan za su zauna. Duk wanda ya riƙe mini su har suka tashi lafiya, makullin gidan niƙa nasa ne. Shi ne chef, shugaban wurin."

Kafin a ce wani abu Lado ya miƙe, har yana taka rigar liman.

"Alhaji, maganar ta ƙare. Wanda ya iya da goro, ƙarfe ne zai gagare shi? Ƙarfe da ko sankara ba ta cin sa?"

Hamadu ya dube shi sama da ƙasa. "Écoute, Malam Lado. Wuri busasshe, ruwa kada ya kusance su. Wannan sandar ƙarfen da ta leƙo, lokaci-lokaci ka juya ta da hannu don kada ta daskare. C'est tout. Kada ka buɗe, kada ka shafa komai, kada ka yi dabara."

"Ɗan Fulani," in ji Lado, "in maganar nagge ce, zan zo in tambaye ka. Hau jirginka ka koma."

Washegari Lado ya yi abin da ya sa har masu ƙaunarsa suka riƙe baki. Teburinsa na goro, wurin da ya fi kowanne kyau a titin, daidai inda tasi ke sauke mutane, ya kira Habu abokin gasarsa ya ba shi kyauta a gaban shaidu.

"Riƙe, Habu, ka ci abinci. Chef ba ya zaman tebur."

Daga nan ya wuce wurin tela, aka ɗinka masa kaki mai aljihu ko'ina, ya soke biro a na ƙirji, shi da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ka ga ke nan ya riga ya rufe ƙofar baya. In injin ya tashi, Lado chef ne. In bai tashi ba, babu niƙa babu goro.

Ɗakin ajiyarsa inji biyu kawai ya ɗauka. Na ukun aka tura shi madafin matarsa Tasalla, haifaffiyar Brik, wadda ke suyar makala, wato fanken ƙasar, tana sayarwa a ƙofar gida.

"Malam, wannan ƙaton a ina zan sa ƙafata?"

"Ki yi haƙuri da shi, maraya ne. In na samu sarari zan duba shi."

Tasalla ta ja tsaki. Da ma kujerarta ta tsugunno ta karye, sai ta rufe shi da tsohon zane, ta ninka buhu ta ɗora, ta samu wurin zama kusa da murhu.

Lado kuwa ya shiga ɗaki ya zagaya biyun nan, hannu a baya, yana nazari. Can idonsa ya faɗa kan fankar da ke bayan kowane inji. Ya yi wani murmushi na wanda ya kama ɓarawo.

"Af! Ka ji ɗan Fulani da shirme. Wanda aka haifa da fanka a gindi, me yake so? Sanyi! Wai bushewa. Nasaran da ya ƙera shi ya taɓa ajiye goro?"

Nan take ya sayo ganyen fita ɗanye shar, ya naɗe kowane inji ciki da bai, ya jiƙa buhun algarara ya lulluɓa, ya ɗaure da igiya tamau. Huhu biyu suka tashi, waɗanda ko a kasuwar goro ba a taɓa ganin masu kyansu ba. Safe da yamma sai ya guntsi ruwa ya furza musu, fuuu, kamar yadda ake yi wa marsa. In aka yi ruwan sama, irin na Yawunde da ke zuwa ba sallama, sai ya buɗe taga don su sha iska.

"Yaya 'ya'yanka, Chef?" in ji mutane in ya fito.

"Suna ta ƙiba!"

Da lokacin juyin huhu ya yi, ranar da mai goro ke sake ganye ya tsince ruɓaɓɓe, Lado ya kwance igiya yana 'yar waƙa. Waƙar ta tsaya cak. Injin da suka zo shuɗaye sun koma ja, tsatsa ta ci ko'ina. Da farko ya ce wa kansa ai nuna suka yi, jan goro ma ya fi tsada. Sai ya tuna da sandar da aka ce ya riƙa juyawa. Ya kama, ya murɗa, ya yi nishi, ya sa ƙafa ya dafe bango. Ko motsi. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Ya saɓa kaki ya nufi tukubar Gwadabe mai tsire, Bazazzagi, abokin wasansa.

"Gwadabe, wani ne ya aiko ni in tambaya. In ƙarfe ya sha ruwa, yaya ake yi?"

"Wanin nan," in ji Gwadabe yana wasa wuƙa, "Bakano ne gajere mai kaki?"

"Kai dai amsa mini!"

"Ni dai a sana'ata, duk abin da ya jiƙe wuta ake nuna masa."

Lado ya buga cinya. "Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni! Bazazzagi, ashe zama da ni ya fara yi maka amfani."

Da tsakar rana aka ɗauko injin biyu a pousse, wato amalanke, an rufe su da tabarma. Ƙarti suka ɗora su a kan wayar gashi. Gwadabe ya ja da baya ya naɗe hannu, don ya san yau akwai kallo. Lado ya hura gawayi, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Fenti ya fara kumbura yana fashewa. Can sai wani baƙin mai ya soma tsiyaya daga wajen sandar, yana ɗiga cikin garwashi, wuta na tashi bal-bal.

"Chef, man jikinsa ne fa ke zuba," in ji Gwadabe.

"Ciwon ne ke fita. Bar shi ya amayar."

Da suka huce, Lado ya ga ai wanda ya yi amai sai an ba shi abinci. Ya sayi kitsen sa a wurin Gwadabe, aka narka, ya kwance duk murfin da ya kwantu, har da ɗan akwatin da wayoyi ke ciki, ya ɗura. Duk ramin da ya gani sai ya cika shi. A gida ya ɗauki taɓaryar Tasalla ya dinga dukan sandar ɗaya daga cikin injin, har ta ɗan gusa, taɓarya kuma ta rabe biyu.

Ya shigo madafi da guntayen, yana haki, ya zube a kan injin na uku.

"Malam, tashi mini daga kujera. Kuma taɓaryata fa?"

"Ta yi shahada a bakin aiki. Matar chef ba ta daka, Tasalla. Inji za a niƙa miki."

"Allah ya nuna mana. Tashi dai."

Yanzu ɗan'uwa, kai ka san ɓerayen Brik. Ba su san haya ba, ba su san kunya ba, kuma kitse ko a cikin sanduƙi yake sai sun ji shi. Labari ya bazu har kwatar mahauta. Suka zo da iyalansu, suka shiga ta ragar fanka da ta akwatin waya, suka lashe kitse, da ya ƙare suka koma kan wayoyin, tunda su ma sun sha romo. Lado ya buɗe ɗaki wata safiya ya ga jela tana shigewa cikin inji.

"Ni za ku yi wa? Ni Lado?"

Ya kwaɓa jar laka da siminti, ya liƙe kowace ƙofa da kowace kafa, ya shafe sumul. Ya tsaya yana yaba aikinsa. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne, waɗanda ke ciki sun fita?

Ba su fita ba. Ba a daɗe ba wari ya tashi, irin wanda ke sa maƙwabci ya zo gaisuwar mutuwa. Lado ya juye musu kwalaben turare ɗan duwala, wari ya haɗu da ƙamshi suka haifi wani abu da ba shi da suna. Ya sayo koren fenti ya mulke su, har sandar, har ƙusoshi. Daga nesa kam sun yi kyau.

A 'yan kwanakin nan in ya bi ta titi ya hangi Habu a tsohon teburinsa, mutane sun yi masa rumfa, sai ya ja ya tsaya yana kallo. Ya yi nadama, amma bakinsa bai sani ba.

"Habu, ana ta fama da 'yan ƙwarya-ƙwarya? Allah ya fitar da kai kamar yadda ya fitar da ni."

Ranar da ake jira ta zo. An buga kwano, an ja wuta, Hamadu ya dawo daga Duwala da jakar kayan aiki. Da hantsi rabin Brik ta hau Tsinga kallo, har da mutanen Cité Verte masu sanye da kwat. Tasalla ta biyo da tiren makala, tunda taro kasuwa ne, kuma tana son zanenta. Aka jera injin uku: biyu kore shar suna ƙyalli, na ukun cikin tsumma, duk toka da dabbaren gari.

Lado ya dubi na ukun, gabansa ya faɗi. Wannan ƙazamin zai ɓata masa suna. Sai ya hau kan buhun masara ya ɗaga hannu.

"Alhaji! Liman! Jama'a, ku shaida! Waɗannan biyun aikina ne, da hannuna, da ilmina. Wancan kuwa babu ruwana da shi. Ko kallon kirki ban taɓa yi masa ba. Tasalla ce ta zaune shi damina guda tana suya. In ya ƙi tashi, ita za a tambaya. Nata ne!"

"Mun shaida," in ji Alhaji.

"Mun shaida!" in ji taro.

Hamadu ya matso kusa da na farko, ya tsaya, ya shaƙi iska, ya ja da baya.

"Wa ya rasu?"

"Turare ne. Kai ba ka san kayan manya ba."

Hamadu ya kama sanda, ta ƙi. Ya ga siminti a inda iska ke shiga. Ya ɗauki guduma da kurfi ya fasa. Abin da ya fara faɗowa busasshen ganyen fita ne. Sai ruwa mai tsatsa. Sai ɓera, sai matarsa, sai sauran dangi, Allah ya ji ƙan na ji ƙai.

"La'ilaha illallahu! C'est quoi ça? Malam Lado, moteur na ba ka ko maƙabarta?"

"Wannan da ma tun daga jirgi na ga ba shi da lafiya," in ji Lado, gumi na bin wuyansa. "Gwada ɗan'uwansa. Shi ne na hannun damana, sandarsa har motsi take."

Hamadu ya fasa simintin na biyu, ya leƙa, ya ɗora masa wani ɗan agogo mai hannun murɗawa wanda ake auna lafiyar waya da shi. Allurar ta kwanta.

"Patron, wannan ba na sa masa courant, ba zai ɗauki wuta ba. Wayarsa a gashe take."

"Hassada ce, Alhaji!" Lado ya yi tsalle. "Ya ga Bahaushe zai zama chef! A ba shi wuta, in bai tashi ba a cire mini kakin nan a gaban jama'a!"

Alhaji ya ce, "Ba shi, Hamadu. Asarar an riga an yi ta, bari dai mu ga ƙarshenta."

Hamadu ya haɗa waya, ya kori mutane baya, ya tura makunni da sanda. Injin ya yi gurnani, mmmm, ya girgiza. Lado ya washe baki.

"Kun ji? Gyaran murya yake!"

Hayaƙi ya fito ta gaba, ya fito ta baya. Ƙamshin soyayyen kitse ya cika gidan niƙa. Sai ji aka yi tau! Tartsatsi ya tashi, masu kwat suka rigaya kowa kai wa ƙofa, Lado kuwa aka tsince shi bayan buhunan masara, hula ta samu hanyar da ta daɗe tana nema.

Gwadabe ya leƙo, ya buɗe hanci. "Wallahi ya gasu. Saura yaji da albasa."

Fuskar Alhaji ta yi baƙi ƙirin. Ba ƙaramin abu aka ƙona masa ba, kuma kowa ya san haka, shi ya sa dariyar ma ƙasa-ƙasa ake yin ta. Hamadu ya sake fis yana zage-zage cikin harshe uku, ya je ya yaye zanen da ke kan na ukun. Ya hure toka. Fentinsa na asali na nan, babu ɗigon tsatsa, don wurin murhu ba ya rabo da ɗumi. Ya sa yatsa ɗaya ya taɓa sanda, ta juya sulul. Ya ɗora agogonsa, allura ta miƙe.

"Madame, wa ke juya wannan?"

"Juyawa?" in ji Tasalla. "Ni dai in ina jiran mai ya yi zafi, ƙafata ba ta iya zama wuri ɗaya. Sai in riƙa murza shi da diddige."

Aka ba shi wuta. Ya ɗauka, fiiii, lafiya lau, bel ya ja, dutse ya juya, garin masara ya fara zuba fari tas. Mata suka rangaɗa guɗa. Hamadu ya kara kunne, ya ce akwai wani ɗan kuka siriri can ciki, bai san daga ina yake ba, amma ba zai hana aiki ba.

Alhaji ya zaro makulli daga aljihu, ya wuce Lado da ya riga ya miƙo hannu biyu, ya ajiye shi a kan tiren makala.

"Tasalla, na yi alkawari a gaban mutane. Gidan niƙa yana hannunki."

"Alhaji!" Lado ya yi ƙara. "Matata ce fa! A gidana injin ya zauna!"

"Kai ka ce mu shaida, Lado."

"Mun shaida!" taro ya amsa, wannan karon da ƙarfi.

Lado ya juya ya hango Habu yana tauna goro. "Habu, ɗan'uwana, teburin nan da na ba ka aro..."

"Kyauta, Chef. Shi ma akwai shaidu."

Lado ya tsaya tsakiyar fili, kaki ya yi baƙi, biro ya fashe a aljihu. Ya dubi injin da ke juyawa, ya dubi makulli a kan tire. Can sai fuskarsa ta yi haske, ya ɗaga yatsa sama.

"Tsaya! Jama'a, na tuna! Ai ni ma na taɓa zama a kansa! Ranar da taɓarya ta karye! Tasalla, faɗi tsakaninki da Allah, na zauna ko ban zauna ba?"

Tasalla ta ɗaure makulli a bakin zane, ba ta ko dube shi ba.

"Ka zauna, Malam, sau ɗaya." Ta juya wajen mai aikin wuta. "Hamadu, ɗan kukan nan da ka ce ba ka san daga ina yake ba, to, ga shi ka ji, zaman nan nasa ne ya jawo shi."